Gwaji ya ce babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyina, tiyatar ciro iri daga maraina za ta yi min amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 39, matana biyu, uwargida shekararmu 10 tare, amarya shekara 4, babu wadda ta taɓa ko ɓatan wata. Da ƙyar na yarda na je gwajin maniyyi, sakamako ya fito wai babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Ni kuma lafiyata ƙalau wajen kwanciya, ruwan ma yana fita da yawa da kauri. Likitan da na gani ya ce akwai tiyatar da ake ciro ƙwayoyin daga cikin maraina. Da gaske ne? Ba za ta kashe min mazakuta ba? Kuma addini ya yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Da farko dai na jinjina maka da ka cire girman kai ka je ka yi gwajin nan, don wallahi a ɗakin duba marasa lafiya abin da muka fi gani shi ne mace ta zo ita kaɗai da ledar takardu, an yi mata sikanin ya fi sau goma, an yi mata wankin mahaifa, ta sha rubutu ta sha saiwa ta sha gori wajen dangin miji, shi kuma maigidan ko sau ɗaya bai taɓa tako ƙafa ba, wai shi ai namiji ne lafiyarsa lau. Alhali a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar.

Amsar tambayarka ta farko, eh da gaske ne, tiyatar tana nan, ana yinta, kuma akwai yara da yawa a duniya da ta wannan hanyar aka same su. Amma kar ka yi saurin sayar da fili tukuna. Tiyatar nan ba magani ba ce, ba gyara maraina take yi ba. Ɗebo iri kawai ake yi, kuma irin da aka ɗebo ba ya iya yin ciki ta hanyar kwanciya, dole sai an haɗa shi da ƙwan matarka a lab, wato dashen ciki da ake ce wa IVF. Wanda bai fahimci wannan ba tun farko shi ne yake dawowa bayan wata uku yana cewa likita an min aiki amma har yanzu shiru.

Bari in fara da abin da ya ɗaure maka kai, wato ruwa yana fita da kauri amma an ce babu komai a ciki. Ruwan maniyyi daban, ƙwayar haihuwa daban. Mafi yawan ruwan da kake gani ba daga maraina yake zuwa ba, daga wasu 'yan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, sai kuma ƙululun nan na ƙasan mafitsara da ke kumbura wa tsofaffi ya hana su fitsari. Abin da maraina ke zubawa a ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai, ido ba zai gane akwai ko babu ba. Don haka maganar nan ta masu magani a mota da lasifika, wai in ruwanka ya tsinke ba ka haihuwa in ya yi kauri kana haihuwa, ba ta da tushe sam. Haka ƙarfin gaba, shi sinadarin maza ne da jijiyoyin jini ke riƙe da shi, kuma ɓangaren maraina da ke yin sinadarin daban yake da ɓangaren da ke ƙera iri. Mutum zai iya zama zakara a shimfiɗa amma babu ƙwaya ko ɗaya. Wannan hali da muke kira azuspamiya yana samun kamar namiji 1 cikin 100, kuma a cikin mazan da ke fama da rashin haihuwa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari shi ne matsalarsu, kaga ba kai kaɗai ba ne.

Toh amma gwaji ɗaya bai isa a yanke maka hukunci ba. Sai an maimaita, aƙalla sau biyu, kuma a lab ɗin da suka san aikin. Ka yi kwana 2 zuwa 7 ba ka kusanci iyali ba, ka ba da samfurin gaba ɗaya kar na farkon ya zube don a nan iri ya fi taruwa, in a gida ka tara to ya isa lab cikin awa ɗaya kuma a jikinka za ka riƙe shi ba a firij ba, kar kuma a yi amfani da kwaroron roba na kanti don yana kashe ƙwayoyin. Abu mafi muhimmanci, ka tambaye su ko sun juya samfurin a injin nan mai wulwulawa sun duba abin da ya kwanta a ƙasa. Lab da yawa ɗigo ɗaya suke sawa a gilashi su leƙa su rubuta babu, alhali in an wulwula minti 15 wani lokacin sai a tsinci 'yan ƙwayoyi biyar ko goma, kuma waɗannan 'yan tsirarun sun isa a yi dashe da su ba tare da wuƙa ta taɓa ka ba. Sannan in ka yi zazzaɓi mai zafi kwanan nan, maleriya ko taifod, ka jira tukuna, domin ƙera ƙwayar haihuwa yana ɗaukar kwana 74 kafin ma ta kama hanyar fita, shi ya sa muke cewa a ba da wata uku.

In an tabbatar babu ɗin ne, tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: gonar ce ba ta yi ba, ko kuwa an yi noma amma hanyar kai kaya kasuwa ce ta yanke? Duk likitan da ya sa maka ranar tiyata bai amsa wannan ba, ka ɗauki takalminka.

Kashi na farko shi ne toshewa. Maraina suna aikinsu tsaf, amma bututu ya toshe. A bayan kowane ɗan maraina akwai wani siririn bututu a nannaɗe kamar ƙullin zare, in da za a warware shi zai kai mita 6, a nan ƙwayoyin ke zama su nuna su koyi iyo, daga nan sai su shiga wani bututu mai kauri da ke haurawa ta matsematsi ya zagaya bayan mafitsara. Ko'ina a hanyar nan zai iya toshewa. A wajenmu babban mai laifi shi ne ciwon sanyi na gaskiya, wanda ake ɗauka ta saduwa, saurayi ya ga farin ruwa yana fita da zafin fitsari, kunya ta hana shi asibiti, ya je kemis a ba shi kafso na kwana biyu, zafin ya lafa, amma ƙwayar cutar ta riga ta sauka ta bar tabo a bututun da bai fi kaurin gashi da yawa ba. Tarin tibi ma yana sauka can. Tsargiya, fitsarin jinin nan da yaran da ke wanka a kududdufi da dam ke yi har wasu ke ɗauka alamar balaga ce, ita ma tana taɓa jakunkunan ruwan maniyyi. Sai aikin ƙaba ko gwaiwa da aka yi wa mutum yana ƙarami, in hannu bai ƙware ba ana iya yanke bututun ko a ɗaure shi ba a sani ba. Akwai kuma wanda aka haifa babu bututun kwata-kwata, wannan da hannu kawai likita zai laluba ya gane, kuma irinsu ruwan da suke fitarwa ɗan kaɗan ne.

Kashi na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi wuya, shi ne maraina da kansu ba sa ƙera iri, ko suna yin ɗan abin da bai isa ya fito waje ba. Hangum da ya kama namiji bayan ya balaga ya sauka maraina suka kumbura, ɗan maraina da bai sauko jaka ba tun haihuwa aka bar shi a ciki har ya girma, murɗewar maraina da ba a kai asibiti cikin awanni ba, maganin kansa, sikila da wasu magungunanta, matsalar halitta, kuma da yawa ko an bincika ba a gano dalili.

Yadda muke rarrabewa ba wani abu ne mai tsada ba. Tarihi, sai a duba ka da hannu a auna girman maraina, sai gwajin jini na FSH da testostaron, wato sinadarin mazan nan, da safe. FSH wani saƙo ne da wani ƙululu a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aikawa maraina cewa ku yi aiki. In maraina na aiki, saƙon yana nan daidai. In sun gaza, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗaga murya, FSH ya hau sama. Don haka maraina masu girma da tauri da FSH daidai, galibi toshewa ce. Maraina ƙanana masu laushi da FSH a sama, galibi gonar ce.

Akwai kuma kashi na uku da nake so ka buɗe kunne sosai, don su ba sa buƙatar tiyata ko kaɗan. Su ne waɗanda saƙon ne ba ya zuwa, FSH ƙasa, testostaron ƙasa. Irin waɗannan allurai ake musu na wata shida zuwa shekara ko fiye, kuma da yawansu iri yana fitowa har su yi ciki a gadonsu. Kuma a cikinsu akwai waɗanda su suka jawo wa kansu ba su sani ba, da allurar testostaron. Na ga mutum ya zo min da sakamako babu ko ɗaya, an riga an faɗa masa kuɗin tiyata a wani wuri, da na tsananta tambaya sai ya ce ai akwai wata allurar ƙarin ƙarfi da wani mai kemis ke masa duk sati uku don ya samu haihuwa. Allurar ce ta rufe masa gonar. Idan ka zuba testostaron daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ai akwai wadatacce, ta daina aika saƙo, maraina su kwanta barci, har an taɓa gwada shi a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Muka tsayar da allurar, bayan wasu watanni iri ya dawo. Masu ɗaga ƙarfe da ke allurar ƙara ƙwanji su ma haka. Tiramadol da kodin su ma suna danne wannan saƙon. Sannan mai ciwon suga da ya daɗe, wani lokacin maniyyin baya yake komawa cikin mafitsara, a fitsari ake tace shi a samu iri, amma kai tunda ka ce ruwa na fita da yawa ba na zaton naka kenan.

Yanzu ita tiyatar. Abin da ya sa ta zama mai amfani wani ci gaba ne da aka samu a lab. Jaririyar farko ta dashen ciki an haife ta a Ingila a 1978, amma a wancan salon sai an zuba dubban ƙwayoyi masu iyo a kewaye ƙwan mace a bar su su shiga da kansu, kaga mai irin matsalarka ba shi da rabo a ciki. Sai a 1992 a birnin Brasels na Beljiyam, Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka ba da rahoton haihuwa ta hanyar ɗaukar ƙwaya ɗaya tak da wata siririyar allurar gilashi a soka ta cikin ƙwan mace kai tsaye, shi ne ICSI, mu dai iksi muke cewa. Daga ranar lissafi ya canza. Hukumar lafiya ta duniya tana ɗaukar miliyan 16 a kowane mililita a matsayin ƙasan ma'auni na mai lafiya, amma da iksi in matarka ta ba da ƙwai goma, ƙwayoyi goma masu rai kawai muke nema, ko da ba su iya iyo ba.

In toshewa ce, aikin mai sauƙi ne. A yi maka allurar kashe zafi a wurin, a sa siririyar allura ta fata a zuƙo ruwa daga nannaɗaɗɗen bututun nan, shi ne za ka ga an rubuta PESA, ko a zuƙo daga cikin ɗan marainan, TESA, minti 20 zuwa 30 an gama ka tafi gida da ƙafarka. Wani lokacin a ɗan tsaga a ɗebo da yawa don a adana. A wannan kashin kusan kowa ana samun iri. Kuma kafin ma a kai nan ka tambayi likita ko toshewar tana gyaruwa, don akwai aikin da ake tsallake wurin da ya toshe a sake haɗa bututun a ƙarƙashin madubin tiyata, in ya yi kyau sai ka haihu a gida sau nawa Allah Ya ba ka, kuma ga mai mata biyu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar dai masu hannun yin wannan ɗinkin ba su da yawa, kuma tabon ciwon sanyi ko tibi wani lokacin wuri da yawa yake kamawa.

In kuma gonar ce, nan ne aiki yake. Ka ɗauka gona ce da fari ya cinye, ka tsaya daga bakin hanya ka hango duk ta bushe, amma in ka shiga ka bi kunya-kunya sai ka tarar da wani ɗan kwari da ruwa ya kwanta, 'yan karare uku sun fitar da zangarniya. Haka maraina suke, cike suke da ɗaruruwan siraran bututu, yawancinsu fanko, amma jefi-jefi akwai masu aiki. Soka allura a irin wannan kamar ka rufe ido ne ka yi jifa cikin gonar. Da can abin da ake yi shi ne a yanko 'yan gutsattsari daga wurare daban-daban, TESE kenan, ana dacewa wani lokacin amma ana ɓarnar nama. A 1999 Peter Schlegel na jami'ar Cornell a New York ya fito da salon da ake buɗe ɗan marainan a ƙarƙashin madubin tiyata mai ƙara girman abu sau 20 ko kusa da haka, likita ya bi bututun a hankali yana neman waɗanda suka fi kauri da fari, don su ne masu iri, ya tsinko su kaɗai ya kauce wa jijiyoyin jini, a gefe kuma ma'aikacin lab yana farfasa su yana dubawa nan take yana cewa akwai ko babu. Shi ne maikro-TESE. Barci ake sa ka, yana iya cin awa biyu ko uku, wani lokacin lab su ƙara wasu awanni suna nema bayan an rufe ka. Ni a ganina in matsalarka ta gona ce, wannan ne ya cancanci kuɗinka, kuma ka tambaya ƙarara ko suna da madubin a ɗakin tiyata, don akwai masu kiran aikinsu da wannan suna alhali da ido tsirara suke yi.

Ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba a teburin biyan kuɗi. A wannan kashin, kusan rabi ne ake samun iri, rabi a buɗe a rufe babu. Kuma samun iri ba shi ne ɗa a hannu ba, sai ƙwai ya karɓa, sai ɗan tayi ya girma, sai ya kama mahaifa, sai ciki ya zauna. A can Brasels ɗin sun bi diddigin maza 714 masu wannan matsala da aka yi wa TESE, suka buga sakamakon a 2015, kimanin kashi 40 cikin ɗari aka samu iri, amma waɗanda suka kai ga haihuwar ɗa nasu kamar mutum 1 ne cikin 7. Ba don in karya maka gwiwa na faɗa ba, 1 cikin 7 ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma mai toshewa rabonsa ya fi wannan sosai, amma maganar miliyoyin naira ake yi kuma yawanci daga aljihunka, gara ka shiga ido buɗe. Duk wanda ya ce maka tabbas ne, ƙarya yake.

Shi ya sa kafin maikro-TESE akwai gwajin jini biyu na halitta da nake nacewa a kansu ko da za a aika samfurin wani gari. Na farko ƙirgen kuromosom, wato 'yan ƙunshin da ke ɗauke da gadon halittar mutum, don gano masu XXY maimakon XY ɗin da namiji ya saba zuwa da shi, ana samun namiji 1 cikin 500 zuwa 600 da shi, sau da yawa dogaye ne masu ƙananan maraina da ƙarancin gemu, kuma su ma ana samun iri a kusan rabinsu. Na biyu duba ko wani yanki ya ɓalle a kuromosom Y. In yankin da ake ce wa AZFa ko AZFb ne ya ɓace gaba ɗaya, to kar a yi tiyatar, ba za a samu ba, gwajin ya cece ka daga wuƙa da asara. In AZFc ne ana samu a mutane da yawa, sai dai duk ɗa namiji da aka haifa zai gaji matsalar, kuma haƙƙinka ne ka san haka tun kafin.

Wani kuskure da nake gani, a yanki naman maraina wai don a gwada a gani ko akwai, a asibitin da ba su da wurin daskarar da iri. In an dace an samu, shikenan an zuba shi a kwalbar magani ya mutu, kuma ƙila wannan ɗan kwarin kenan kaɗai a gonar. Kar ka yarda a taɓa ka sai inda in an samu za a adana nan take, a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda iri ke iya shekaru bai lalace ba. Ka kuma tambaye su yadda suke cika tankin da wanda ke lura da shi. Wasu cibiyoyin sun fi son a yi naka aikin rana ɗaya da ciro ƙwan matarka, amma haɗarinsa ita ta sha allurai a buɗe ka a tarar babu. Ni na fi son a fara da kai, in an samu a raba shi kwalabe da yawa a adana, sannan a fara mata.

Maganar mazakuta, kwantar da hankalinka. Jijiyoyin da ke tayar da gaba ba ta nan suka bi ba. Abin da ke iya faruwa shi ne kumburi da ciwo na 'yan kwanaki, taruwar jini a jaka, ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma ba su da yawa. Bayan maikro-TESE testostaron yakan sauka na wasu watanni, a yawancin mutane ya farfaɗo cikin shekara zuwa shekara da rabi, amma masu ƙananan maraina tun asali, musamman masu XXY, sai an riƙa auna su don wasu za su buƙaci ƙari daga baya. Ka sa ɗan kamfai mai kama jiki, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ka haƙura da hawa mashin da ɗaukar kaya mai nauyi da kusantar iyali na sati biyu, in zaman tahiya na maka zafi kwanakin farko ka yi salla a kujera. In ba a dace ba kuma ana so a sake, sai an bar wurin ya huce aƙalla wata shida.

Kar ka manta fa wahalar ba taka ba ce kai kaɗai, mafi nauyinta ma a kan wadda lafiyarta ƙalau zai sauka. Ita za ta sha allura kullum na kwana 10 zuwa 12, a yi ta sikanin, a sa allura ta gabanta a zuƙo ƙwai, bayan kwana 3 ko 5 a mayar da ɗan tayi mahaifa, sai jiran sati biyu da ya fi komai tsawo. Kuma shekarunta sun fi komai tasiri, daga 35 ingancin ƙwai yana sauka, bayan 40 yana sauka da gudu. Nan ne kai mai mata biyu za ka gamu da tambayar da littattafan Turawa ba su tanadi amsarta ba: da wa za a fara? Lissafin asibiti zai ce wadda ƙwanta ya fi yawa da ƙuruciya, wato galibi amarya. Amma uwargida ita ce ta yi shekara 10 tana haɗiye gori a kan laifin da ba nata ba, kuma ita ce lokaci ke ƙure wa. Ba ni zan yanke maka ba, amma a auna su duka biyun, a zauna da su a faɗa musu gaskiya, kuma wannan na cikin dalilin da na ce a raba irin kwalabe da yawa.

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne, amma abin da manyan majalisun fiƙihu suka tsayar sananne ne. Fatawar Shehu Jadul Haƙ ta Masar a 1980, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, da ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, duk sun halatta dashe matuƙar irin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta za a sa, kuma igiyar aure na nan. Irin wani namiji haramun ne. Amfani da abin da aka adana bayan saki ko mutuwa shi ma bai halatta ba. Har batun a ɗauki ƙwan mace ɗaya a sa a mahaifar kishiyarta, majalisar Makka ta fara yarda da shi a 1984 sannan ta janye a 1985. Abin da zan ja kunnenka a kai a aikace shi ne takardar amincewa. Wasu cibiyoyin suna da layin da ke cewa in ba a samu naka ba za a yi amfani da na mai ba da gudummawa, wato irin wani namiji. Ka karanta da kanka ko ka je da wanda ka yarda da shi, ka soke wannan layin da biro, ka faɗa da bakinka a gaban shaida, ka kuma tambayi yadda suke sa wa kwalabe suna da wanda ke tabbatarwa. Cibiyar kirki ba za ta ji haushin tambayar ba.

Ba sai ka fita waje ba kafin ka fara. Ana dashen ciki a Najeriya shekaru da dama, a Abuja ma tun 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanyar a hannun Dakta Ibrahim Wada, kuma binciken farko duk manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika suna da likitocin mafitsara da za su yi maka. Wurin likitan mafitsara da al'aurar maza za ka fara, ba wurin dashe ba, don shi ne zai laluba ya gaya maka gona ce ko hanya.

Kafin ka je, zauna ka tuno waɗannan ka rubuta a takarda: ka taɓa yin hangum bayan ka balaga? An taɓa yi maka aiki a matsematsi ko maraina kana yaro, in ba ka sani ba ka tambayi Hajiya. Ka taɓa fitsarin jini, ko farin ruwa da zafin fitsari, ko doguwar jinyar tari? Akwai ɗan'uwanka namiji da shi ma bai haihu ba? Sannan duk wani abu da kake sha ko ake maka allurarsa da sunan ƙarin ƙarfi ko neman haihuwa, na kemis da na gargajiya, ka zuba su a leda da kwalayensu ka tafi da su ka zube wa likitan a tebur.